Yunwar Tsakiyar Damina da Rumbun Tsimi na Ƙauye: Darasin Maraɗi ga Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yunwar da ke dawowa ƙauyukan ƙasar Hausa kowace shekara tsakanin Yuni da Satumba, da rawar da rumbunan ajiyar hatsi na jama'a, waɗanda a Nijar ake kira bankin cimaka, suke takawa wajen rage ta. An ɗauki matsalar abinci ta 2005 a jihar Maraɗi a matsayin madubi, an bi tarihin waɗannan rumbuna daga zamanin mulkin mallaka zuwa yau, an kuma duba dalilan da suke sa mafi yawansu durƙushewa. Matsayin maƙalar shi ne rumbun ƙauye ba zai iya sayar da hatsi da rahusa, ya ba da bashi, ya ciyar da gajiyayyu, sannan ya riƙe jarinsa da kansa ba. Dole a riƙa sake cika shi kowace kaka, kuma zakka da wakafi su ne mafi kusancin hanyar yin haka.

Gabatarwa



A watan Nuwamba na 2024, binciken Cadre Harmonisé, wanda gwamnatin Nijeriya ke yi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi hasashen mutum miliyan 33.1 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci tsakanin Yuni da Agusta na 2025. Yawancinmu adadin ne ya tsaya mana a rai. Ni kuwa watannin nake so mu kalla, domin kowace shekara su ɗin nan dai rahoton yake nunawa, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. A lokacin ne gero ke tsaye kore shar a gona, rumbu kuma ya kai ƙasa. Manomin da ya ciyar da birni a Disamba shi ne yake auno tiya ɗaya a kasuwar ƙauye a Agusta, da tsadar da ba shi ya yanka ba.

Yadda yunwa ke shiga gidan manomi

A ɗauki misalin magidanci mai iyali takwas da ya ɗaure dami arba'in na gero. Tun kafin ya kai su rumbu akwai masu jira. Wanda ya ba shi falle a tsakiyar damina, wato kuɗin da za a biya da hatsi in an yi girbi, zai zo da jakinsa. Akwai bashin taki, akwai kuɗin magani, akwai auren 'ya ko suna, domin kaka ita ce lokacin biki a karkara. Duk waɗannan da kuɗi ake yin su, kuma abin da yake da shi na sayarwa hatsi ne, a daidai makon da kowa ya fito da nasa, farashi ya faɗi warwas. Abin da ya saura zai kai gidan zuwa Maris ko Afrilu in an yi tattali. Shi kuma sai ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Agadas, don a rage baki ɗaya a kan rumbu.

Ruwa na sauka ya dawo. A nan ne asarar da ta fi kowace take faruwa, kuma ba a cika lissafa ta ba. Noman fari ba ya jira: in ciyawa ta riga ka da mako biyu, amfanin shekarar ya ragu ke nan. Amma gida babu na tuwo, saboda haka da asuba sai ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, a biya shi da yamma, ya auno abin da za a ci a daren. Tasa gonar sai ranar da ya samu sarari, kuma da cikin da bai ƙoshi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwargida tana can tana tsinko tafasa da yaɗiya da rama, a yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. A arewacin Maraɗi da Damagaram, in abin ya yi tsanani, a jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Kaka ta zo, gonar da ba a nome da wuri ba ta ba da dami talatin maimakon arba'in, ga sabon falle yana jira.

Wannan ba sabon bayani ba ne ga masana. Polly Hill ta nuna shi a Batagarawa a littafinta Rural Hausa na 1972, inda ta bayyana yadda talaucin manomi ke tilasta masa sayar da hatsi da wuri da yi wa wasu aiki a lokacin da gonarsa ke bukatarsa. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita, ya bi sawun yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, har zuwa farin 1972 zuwa 1974, a littafinsa Silent Violence na 1983. Amartya Sen kuma a 1981 ya kafa hujjar cewa mutane kan mutu da yunwa alhali abinci na nan a kasuwa, don ba su da abin da za su same shi da shi.

Maraɗi, 2005

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a Nijar, farin dango kuma suka auka wa wasu yankuna. An ƙiyasta giɓin hatsi na ƙasa a kan tan 223,000, wanda bai kai na 1973 ko 1984 muni ba. Duk da haka a 2005 ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, MSF, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, kuma mafi yawansu daga Maraɗi da Damagaram suka fito, wato jihohin da ake ɗauka su ne rumbun Nijar.

Kasuwa ce ta yi aikin. Hatsi ya yi tsada a Nijeriya a shekarar, saboda haka geron da aka saba shigowa da shi daga kudu bai shigo ba, na gida ma ya bi hanyar kasuwannin Jibiya da Dawanau na Nijeriya. Burkina Faso da Mali suka taƙaita fitar da nasu. Kuɗin buhun gero ya ninka fiye da sau biyu tsakanin kaka da Yuli, darajar dabbobi kuwa ta zube, har ya zama akuyar da za ta sayi buhu a da ba ta sayen rabinsa. Gwamnati ta daɗe tana sayar da hatsi da rahusa maimakon rabawa kyauta, don gudun ɓata kasuwa, alhali wanda ba shi da ko dala rahusa ba ta amfane shi da komai. Sai a tsakiyar damina aka soma rabon kyauta gadan-gadan, Shugaba Mamadou Tandja kuma ya ci gaba da musanta cewa yunwa ake yi. Mutanen yankin sun riga sun san yadda iyaka ke shiga tukunyarsu: yunwar 1984 sun sa mata suna El Buhari, saboda a shekarar ce gwamnatin Buhari ta Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa.

Wani abu da binciken da aka yi bayan 2005 ya fito da shi ya cancanci mu tsaya a kansa. A ƙauyuka da dama maigida kan rufe rumbun gandu in zai tafi cin rani, don a samu abin ci lokacin noma. Niyyar ba mummuna ba ce. Sai dai matar da aka bari da yara dole ta ciyar da su daga ɗan abin da ta samu a gamanarta, wato 'yar gonarta ta kanta, a yankin da ƙarancin ƙasa ya sa mata da yawa ba su da gamanar ma. Ke nan yaro na iya ramewa a gidan da akwai gero a rumbu.

Daga rumbun gida zuwa bankin cimaka

Ajiya don baƙar shekara tsohuwar al'ada ce. Babban gandu yakan ware rumbun tsimi wanda ba a taɓawa sai an shiga uku, kuma gero a daminsa, ba a sussuka ba, yakan yi shekaru bai lalace ba. Shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya bayar ta a bar hatsi a zangarniyarsa, manomin Gobir da na Katsina a aikace suka san ta. Rabewar gandu zuwa ƙananan gidaje, da haraji na kuɗi, da noman gyaɗa da auduga don sayarwa, su suka rage wannan ajiya.

Bayan yunwar 1931, Turawan Faransa sun tilasta wa talakawan Nijar zuba wani kaso na hatsinsu a rumbunan ajiya na dole a ƙarƙashin sarakuna. Jama'a sun ƙi jinin tsarin, domin sun ɗauke shi wani harajin ne, kuma wanda ya zuba ba shi ke da ikon buɗewa ba. Wannan tabo bai gama warkewa ba, ya kamata duk mai zuwa ƙauye da maganar tara hatsi a wuri ɗaya ya san da shi.

Bankin cimaka na zamani ya samo asali ne a Burkina Faso a 1974, bayan babban fari, daga nan ya bazu a Sahel har aka gina dubbai. Tsarinsa mai sauƙi ne. Wata ƙungiya ta gina ɗakin ajiya, ta zuba jarin farko na hatsi ko kuɗi, a zaɓi kwamiti. A saya da kaka, a ajiye, a sayar wa 'yan gari da damina ƙasa da farashin kasuwa, a sake saye da kuɗin. A takarda, kowa ya ci riba.

Abin da ke kashe su

A 1991 Elliot Berg da Lawrence Kent suka yi nazarin tattalin arzikin waɗannan bankuna a Sahel, kuma abin da suka gano bai yi wa masu ba da agaji daɗi ba. Da yawa daga cikinsu sukan daina aiki 'yan shekaru bayan ƙungiyar da ta kafa su ta tafi. Wanda ya zaga ƙauyukan Tawa da Damagaram ya ga irin ɗakunan nan na siminti da kwano, da allon sunan mai agaji a jiki, a rufe ko an mai da su wurin ajiye kayan wani.

Sata da son kai na 'yan kwamiti suna cikin dalilai, amma a ganina an fi ƙarfafa su fiye da kima, domin ko amintattu aka ba riƙo lissafin ba ya fita. An gina tsarin ne a kan zaton farashi yana hawa sosai kowace shekara kuma ɗan kasuwa yana cin ƙazamar riba. Gaskiyar ita ce wata shekarar ya hau, wata shekarar ya tsaya, wata ma ya sauko. Masu ajiyar masara a Arewacin Nijeriya sun ɗanɗana wannan a 2025, lokacin da farashi ya faɗi ƙasa da yadda suka saya. Ɗan kasuwa yana da wata hajar da zai rufe asara da ita, kuma yana juya kuɗinsa sau da yawa a shekara. Bankin ƙauye sau ɗaya yake juyawa, ga kuɗin buhu da na dako da ɓarnar ƙwari da ɓera, sannan an ce ya sayar da rahusa.

Sai bashi. Ma'ajin banki ɗan gari ne. Ƙanwar mahaifiyarsa ta zo da ƙwarya a hannu ta ce yara ba su ci ba tun jiya, shi kuma yana riƙe da mabuɗin ɗaki cike da gero. Ba zai hana ta ba, kuma babu mai hankalin da zai so ya hana ta. In kaka ta yi kyau ta biya. In ba ta yi ba, duk garin ne ba zai biya ba a lokaci guda, domin fari ba ya zaɓen gona. Shekarar da aka fi bukatar rumbun ita ce shekarar da jarinsa ke ƙarewa, kuma a shekara mai biye hatsi ya yi tsadar da ɗan kuɗin da ya rage ba zai cika rabin ɗakin ba.

Saboda haka ban yarda da hukuncin da wasu suka yanke ba cewa tunda ba su ɗore ba, ba su da amfani. Rumbun da ya ciyar da gari damina uku kafin ya ƙare ya yi aiki. Kuskuren yana wajen waɗanda suka ɗauka zubi ɗaya zai isa har abada. Ba mai gina asibiti ya zuba magani sau ɗaya ya ce ya riƙe kansa.

Masu kawo misalin Amurka su lura da wannan. Bankin abinci na farko a can, St. Mary's, John van Hengel ne ya kafa shi a birnin Phoenix a 1967, kuma yau ƙungiyar Feeding America tana haɗa bankuna kusan 200 da wuraren rabo kusan 60,000. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rayuwa da ribarsa. Kullum ana sake cika su da rarar manyan kantuna da gonaki da tallafin gwamnati, kuma ƙungiyar da kanta tana cewa duk abinci ɗaya da ta bayar, shirin gwamnati na SNAP yana ba da tara. Ƙauyenmu ba shi da babban kanti mai rara. Rararsa sau ɗaya take zuwa a shekara, da kaka.

Abin da ya fi tsayawa

Tsari biyu sun nuna ƙarko a Nijar. Na farko shi ne jinginar da amfanin gona, wanda wani shirin hukumar FAO ya yaɗa tun daga 1999. Manoma su tara hatsi ko wake a ɗaki ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rancen wani kaso na darajar kayansa ya biya bukatun kaka ko ya yi sana'ar rani, in ya biya a buɗe ya ɗauki buhunsa a lokacin da ya yi daraja. Kwaɗo na biyun nan ya ɗauke wa ma'aji nauyin kunya, kuma kowane buhu da sunan mai shi. Buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, sun ƙara sauƙaƙa ajiyar wake. Iyakar tsarin ita ce sai mai abin jinginarwa yake amfana.

Na biyu shi ne rumbunan da mata ke riƙewa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta soma a Maraɗi a 1991 bisa tsarin adashi, sun koya wa mata tara kuɗi da bin bashi a tsakaninsu ba tare da rigima ba. A yankin Agye, wani shirin da asusun IFAD ya tallafa ya kafa rumbunan damina na mata zalla: mace ta karɓi gero lokacin noma, ta mayar da hatsi bayan girbi. Abin da ya shiga hannun uwa tukunya yake zuwa, kuma yana sa mijinta ya tsaya a gonarsa.

Riba, zakka da wakafi

Akwai matsalar da rahotannin masu agaji ba su cika ambata ba, amma tana hana mutanen kirki shiga. Yawancin rumbunan da ke ba da rancen hatsi suna karɓar ƙari in an zo biya, don rufe asara. Tiya huɗu ta dawo biyar riba ce a shari'a, ko da kuwa gari ne zai amfana. Limamin da ya ƙi sa albarka a irin wannan ba jahilci ne ya hana shi ba, kuma tsarin da liman ya ja baya daga gare shi ba ya yin nisa a ƙauyen Hausa.

Shawarata ita ce rumbu ya kasance da ƙofa biyu da littafi biyu. Ƙofar farko ta sayarwa ce da kuɗi hannu, tiya-tiya, da iyakar abin da gida ɗaya zai saya a mako don kada mai kuɗi ya kwashe, a farashin da ya rufe abin da aka kashe. Jarinta da gininta su fito daga wakafi. Daga cikin malaman Malikiyya akwai waɗanda suka halatta wakafin abinci ko kuɗi don a riƙa rantawa ana mayar da kwatankwacinsa, saboda haka in za a ba da rance, a mayar da daidai abin da aka karɓa, asarar ajiya kuma a rufe ta da gudummawar shekara ko gonar gayya.

Ƙofa ta biyu ta kyauta ce, ga gwauruwa mai marayu da tsoho da maras lafiya da wanda gonarsa ta ƙi. Wannan ba a sa ran komai ya dawo, kuma zakka ce abincinta. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, wato sa'i 300, a fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Manoma da yawa suna fitarwa tun a gona, dami ɗaya cikin goma. Sai dai tana isa hannun talaka a watan da hatsi ya fi araha kuma shi ma yana da ɗan nasa, sau da yawa ya sayar da ita a makon. Zakka ba a jinkirta ta, ba a kuma mai da ita jari, dole a mallaka wa mai ita. Amma ana iya mallaka masa da kaka, a rubuta sunansa a buhu, sannan in ya yarda a ajiye masa amana ya riƙa ɗiba daga noman fari. Wannan magana ce da nake roƙon malaman fiƙihu su duba ta da kyau, tare da hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, waɗanda suke da ikon tarawa amma ba su da ɗakin ajiya a kowane ƙauye.

Gwamnati da tsaro

Wannan bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Tsarin ajiyar abinci da ECOWAS ta amince da shi a 2013 ya jera kariya hawa uku: ta ƙauye, ta ƙasa, ta yanki. A shekarar fari, hukumar ajiyar abinci irin OPVN ta Nijar ko rumbunan tarayya na Nijeriya su ne ya kamata su sake cika na ƙauye. A Fabrairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi. In aka raba shi ga mutum miliyan 31.8 da aka ƙiyasta za su shiga ƙunci a daminar shekarar, kowa bai samu kilo ɗaya da rabi ba. Yadda ake rabon ma abin dubawa ne: a Disamban 2024 sama da mutum 60, da yawansu yara, suka mutu a turmutsutsun karɓar abinci a Ibadan da Okija da Abuja. A ƙauye an san gidan da ba a hura wuta ba, ana iya kai masa da dare ba tare da layi ko kyamara ba.

Saura yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin Maraɗi inda 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, suna kwashe rumbuna ko su cinna musu wuta. A irin waɗannan wurare tara hatsin gari a ɗaki ɗaya kiran ɓarawo ne. Abin da zai yiwu shi ne a ajiye a garin da ke da tsaro mafi kusa, a riƙa ɗaukowa kaɗan-kaɗan ranar kasuwa. Waɗanda aka raba da gonakinsu gaba ɗaya suka koma zaman gudun hijira a Anka ko Batsari kuwa, ba su da kakar da za a cika rumbu da ita. Ciyar da su yana kan baitulmalin gwamnati da zakkar 'yan kasuwar birni har ranar da za su koma gona.